Me ya sa ake ta yabon Michigan ta 2023?

Malam, ka tambaya me ya sa har yau ake zancen kakar 2023 ta Jami'ar Michigan a ƙwallon Amurka, wadda ake runguma da hannu ba irin tamu ta ƙafa ba. Amsar a taƙaice: wasa 15 suka buga, 15 suka ci, suka ɗauki kofin ƙasa na jami'o'i, wanda kafin nan rabonsu da shi tun 1997.

Amma abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka yi. Kocinsu Jim Harbaugh bai tsaya a bakin fili ba a wasa shida. An dakatar da shi a ukun farko, aka sake dakatar da shi a ukun ƙarshe na zagayen lig wannan karon saboda zargin leƙen asirin alamun da abokan hamayya ke ba 'yan wasansu umarni da su. Mataimakinsa Sherrone Moore ne ya ja ragama ranar da suka doke babbar kishiyarsu Ohio State 30-24.

Wasan da ya kusa ɓallo musu ruwa shi ne na kusa da na ƙarshe da Alabama a filin Rose Bowl, ranar 1 ga Janairu 2024. Sai a ƙarin lokaci ɗan wasansu Blake Corum ya kutsa ya raba gardama, 27-20. Bayan mako guda a Houston suka lallasa Washington 34-13 a wasan ƙarshe, galibi da gudu da ƙwallo da kuma tsaron baya mai tauri.

Gaskiya zargin nan ya ɗan shafa wa nasarar baƙin fenti, magoya bayan Ohio State ba sa gajiya da tunatarwa. Harbaugh kuwa ko wata guda bai ƙara ba ya koma ƙungiyar ƙwararru ta Los Angeles Chargers.