Amsa ga mai tambayar koyon harbin fistol ba tare da kashe kuɗi ba

Ƙanena, ka ce sabon ɗauka ne kai a aikin ɗamara a nan Sakkwato, an ba ka fistol, amma harsashin da ake raba muku a filin atisaye bai taka kara ya karya ba, albashi kuma ba ya ɗaukar wani ƙarin nauyi. Kana neman yadda hannunka zai faɗa.

Kafin komai, kada ka yarda wani ya ja ka gefe ya ce zai samo maka harsashi da araha. Dokar makamai ta 1959 ta sa fistol cikin haramtattun makamai, farar hula ba ya riƙe ta sai da lasisin Shugaban Ƙasa, kuma hukuncin mallakarta ba izini ɗauri ne da bai gaza shekara 10 ba. Harsashi ma da lissafinsa, kaki ba zai cece ka ba. Wannan ya shafi har masu karanta mu da ba su cikin aiki.

To, a shekarun da na yi ina tsayawa bayan yara a layin harbi, abin da ke kayar da su ba ido ba ne, yatsa ne. Mutum ya daidaita saiti tsaf, da zai danna kunama sai ya fizge ta saboda yana jiran ƙarar. Ka duba takardar da mai harbi da hannun dama ya auna, za ka ga ramukan sun taru ƙasa ta hagu. Wannan ciwon ba harsashi ke maganinsa ba, sau da yawa ma ƙara shi yake yi.

Maganinsa danna kunama a bindigar da ba komai cikinta. Ka nemi izinin mai kula da ma'ajiyar makamai, ka yi a wurin da ya nuna maka. Cire magazin, wato gidan jera harsashi, ja saman bindigar baya, leƙa ɗakin harsashi da ido, sa yatsa ka taɓa, ka sake dubawa. Harsashin kuwa a bar shi a wani ɗaki daban. Duk da haka bakin bindiga ya kalli katangar da ba kowa bayanta, ba tagar langa-langa ba.

Ka tsaya dab da farin bango wanda ba alamar komai, idonka a kan ɗan tsinin saitin gaba, ba a kan bangon ba. Matsa kunama a hankali, kai tsaye baya, kamar mai tatsar maganin ɗigo a ido, har ta faɗi ba ka san lokacin ba. In tsinin ya motsa, ka fizga. Da tsabar kwabo muke gwadawa, a ɗora ta kan bindigar wajen baki, a danna ba ta faɗo ba. Yanzu tsabar ce ta yi wuyar samu, sai ka binciki tsohuwar adakar gida. Minti goma kullum ya fi awa biyu ranar Asabar, domin da hannu ya gaji, mugun hali kake koya masa. Ka jingine waya ta ɗauke ka daga gefe, za ka ga abin da ba ka ji a jikinka ba. Masu gasar harbin mita 10 a Olamfik ma suna irin wannan atisaye da bindigar da ba komai cikinta. Sai dai ka tambayi malaminku, ƙananan bindigogin .22 ba su son a danna su wayam.

Riƙo kuma hannu biyu, na dama can sama a marikin, na hagu shi ke matsewa sosai. Fistol ƙirar Beretta 92 ta kusa kilo ɗaya, don haka gorar ruwa mai lita ɗaya ta isa ka riƙa miƙewa da ita a gida kafaɗa ta saba.

Ranar da aka ba ka harsashi biyar ko goma, kada ka zazzage su don a ji ƙara. Fara daga mita 5 ko 7, kowane ɗaya ka faɗi inda kake zaton ya sauka kafin ka duba. Roƙi malami ya cakuɗa maka harsashin horo mara albarushi cikin magazin. In ka kai kansa bakin bindiga ya dunkuya ƙasa, ka gano kana fizga. Kuma lokacin hunturu ka rage mai in kana shafa wa bindigar, ƙurar Sakkwato tana manne masa har bindiga ta cije.