Amsa: Waye mai bidiyon tallan da kamfani ya biya?

Kana tambaya ko kamfanin da ya biya ka kuɗin talla ya zama mai bidiyon ke nan. A yawancin ƙasashe a'a, sai in ka sa hannu kan takardar miƙa musu haƙƙin mallaka. A ƙarƙashin Yarjejeniyar Berne ta 1886, wato yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan haƙƙin mallaka, haƙƙin yana tabbata tun da ka ƙirƙiri aikin, ba sai da rajista ba.

Inda na fi ganin ana cutuwa shi ne kalmar "har abada" a kwantiragi. Don Allah kada ka yarda da ita. Ba su izinin amfani kawai, a rubuta wa'adi da dandalin da za a saka shi. Amma in kai ma'aikacinsu ne mai albashi, galibi aikin nasu ne.