Injin ya ce ni ke kan gaba, ni kuwa ban san abin da zan taka ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Agege ne, ina sana'ar kayan gwari a kasuwar Mile 12, kuma ina buga ces, wato darar Turawa, a wata ƙaramar ƙungiya duk ranar Lahadi, ban da wanda nake bugawa a waya. Makina a intanet, wato lambar da ke auna ƙarfin ɗan wasa, ya tsaya a wajen 1500, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Buɗin wasa ba ya ba ni wahala, amma da zarar na fito da kayana na yi kasil, wato na ɓoye sarkina a gefe, sai kaina ya ɗaure, in rasa abin takawa har lokaci ya ci ni. Duk wasan da na gama sai na sa Stockfish, injin kwamfuta mai nazarin wasan, ya duba mini, kuma sau da yawa yakan nuna ina da rinjayen +1.5 kafin in zubar. Wani a zauren WhatsApp ya ce in biya shi ya turo mini tarkuna da takun injin in haddace. Abin ya fara damuna ƙwarai. Ko dai ba ni da kan wasan ne, tunda ban fara da yarinta ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka kwantar da hankalinka, domin wanda ya kai 1500 ba tare da malami ba yana da kan wasa, kuma shekaru ba sa hana mutum koyon tsara shiri, ko da za su hana shi zama zakaran duniya. Matsalarka tana cikin tambayar da ka rubuta: ka bar wa injin aikin auna allo, saboda haka ba ka taɓa koyon yin sa da kanka ba.

Wannan cuta ce da nake gani kullum a wurin 'yan wasanmu na Legas. Ana gama wasa, tun ba a kwashe kaya daga allo ba, sai kowa ya zaro waya, ka ji ana cewa "ai ni ke da +2". Idan ka tambayi mai maganar dalilin da ya sa yake da wannan rinjaye, sai ya yi shiru. Lambar nan hukuncin injin ce a kan abin da zai faru idan shi ne ya ci gaba da wasan a ɓangarorin biyu. Tun ƙarshen 2022 masu kula da Stockfish suka daidaita ta yadda +1.0 ke nufin kusan rabin irin waɗannan wasanni za a ci su, idan injin ke karawa da injin. To, ƙarfin Stockfish a jerin injina ya haura 3500, alhali Magnus Carlsen, a ƙololuwarsa ta 2014, maki 2882 ya kai. Kwamfuta ta wuce mutum tun 1997, lokacin da Deep Blue ya doke Garry Kasparov, kuma tazarar sai ƙaruwa take yi. Saboda haka +1.5 ɗin da kake baƙin cikin zubarwa yana iya kasancewa ya rataya ne a kan taku shida a jere waɗanda duk wanda ka kuskure a cikinsu shi ke nan, kuma babu ɗan ƙungiya da zai gan su agogo na gudu. Haka nan 0.00 yana iya zama wurin da ɗaya ke wasa hankali kwance, ɗayan kuwa sai ya nemo taku ɗaya tak mai ceto a kowane juyi. Injin zai ce daidai suke, amma mutum na biyu zai faɗi a mafi yawan lokaci.

Kai ɗan kasuwa ne, ka san cewa jin farashin da dillali ya yanka wa kwandon tumatir ba ya koya wa yaron shago gane abin da ke ƙasan kwandon. Sai ya sa hannu ya juya, ya yi ciniki ya faɗi, sannan idonsa ya buɗe. Mai duba lamba bayan kowane wasa farashi kawai yake ji. Abin da ya fi muni shi ne yana tashi da jin cewa ya yi nazari, sai ya shekara a kan haka yana mamakin abin da ya hana makinsa motsi.

A nan ne masu sayar da tarko ke samun kasuwa, kuma gaskiya ba ni da haƙuri da su. Mutum bai taɓa zama a gasa mai agogo ba, ya kwafo layukan injin da kowa zai iya samu kyauta a shafin ces na Lichess, ya liƙa musu suna mai daɗi, ya ce nan da wata uku za ka zama gwani. Tarko yana kama wanda bai san shi ba ne, sau ɗaya. Ranar da abokin karawarka ya kauce masa a taku na bakwai, ka dawo daidai inda ka ce kanka ke ɗaurewa, har ma da ƙarin kayan da ka ajiye a gurbin da bai dace ba. Kada ka ba shi ko kwabo.

Yanzu ga abin da ake nufi da auna allo. Ka riga ka san ƙidayar makin kaya (soja ɗaya, bishof uku), kuma ka san iyakarta: sarki da bishof da sojan layin h, wato layin gefen allo, ba sa cin sarki shi kaɗai idan ya riga ya shige kusurwar da sojan ya nufa kuma bishof ɗin ba ya taka launin gidan kusurwar, duk da ratar maki huɗu. Abin da ya kamata idonka ya fara sauka a kai shi ne lafiyar sarakunan biyu, domin idan ɗaya yana tsirara sauran lissafi ya zama na baya. Idan duka suna cikin kariya, sai ka dubi sojoji, saboda su ne ba sa komawa baya, kuma tsarinsu ne ke faɗa maka ɓangaren da za ka yi wasa. Wilhelm Steinitz, wanda ya zama zakaran duniya na farko a 1886, a kan wannan ya gina koyarwarsa: ana tara ƙananan rinjaye ne, kuma ba a kai hari sai allo ya ba da dalili.

Ɗauki misali guda ka jera shi a kan allo na gaske. Bayan 1.d4 d5 2.c4 e6 3.Nc3 Nf6 4.cxd5 exd5 (ƙaramin harafi da lamba sunan gida ne a allo, N doki ne, x kuma ci), baƙi yakan sa soja a c6, sai a sami tsarin da ake kira Carlsbad, sunan da ya samo daga gasar da aka yi a garin a 1923. Injin zai ba fari ɗan rinjaye kaɗan, ba zai ƙara maka komai ba. Amma duba sojojin: a ɓangaren sarauniya fari yana da a2 da b2, baƙi yana da a7 da b7 da c6, kuma layin c a buɗe yake ga ruk ɗin fari. Shirin shi ne ruk ya zo b1, soja ya tafi b4 sannan b5. Idan baƙi ya ci da sojan c, na d5 ya zama maraya, babu sojan da zai kare shi. Idan ya bari aka ci masa a c6, an bar shi da soja mai rauni a gaban ruk, ga kuma gidan c5 da dokin fari zai zauna babu sojan b da zai kore shi. Akwai shiri na biyu, wato f3 sannan e4 don mamaye tsakiya, wanda Mikhail Botvinnik ya doke Paul Keres da shi a 1952. Shi ma baƙi ba zaune yake ba, layin e nasa ne, dokinsa yana neman e4, idonsa yana kan sarkin fari. Wanda ya fahimci wannan yana da abin yi na taku goma ba tare da ya haddace layi ɗaya ba.

Idan tsarin baƙo ne gare ka, tambayoyi biyu sun ishe ka fita daga ɗaurewar kai. Me abokin karawata yake so ya yi idan na ba shi taku biyu kyauta? Wanne ne mafi lalaci a cikin kayana, kuma ina ne gidan da zai fi amfani? Shiri a matakinka bai wuce taku uku ko huɗu masu manufa ɗaya ba, kamar kai doki wani gida, ko musanya bishof ɗinka da sojojinka suka toshe da nasa mai walwala. Maganar cewa manya suna hango taku ashirin a kowane wuri labarin teburin mai shayi ne.

Sai batun yadda za ka yi atisaye. Wasan minti ɗaya da ake bugawa a cikin danfo lokacin cunkoson Oshodi nishaɗi ne, ba ya barin sararin tunani. Ka nemi wasa biyu a mako na aƙalla minti goma sha biyar da ƙarin daƙiƙa goma a kowane taku, na ranar Lahadi kuma ka rubuta shi a takarda. Bayan an gama, kai da abokin karawarka ku mayar da wasan tun daga farko, kowa ya faɗi abin da ya yi tunani. Sannan ka zaɓi wurare uku da ka rasa abin yi, ka rubuta da Hausa wanda kake ganin ya fi, da dalili, da shirin da ya dace. Sai bayan haka za ka kunna injin, kuma abin da za ka nema a wurinsa shi ne inda ya saɓa maka. Ka buga takunka a gabansa ka ga yadda yake rusa shi, har sai ka iya bayyana dalilin da bakinka. Kuɗin da ka yi niyyar tura wa mai tarko, ka sayi allo da agogo da su, ka nemo wasannin Capablanca, zakaran duniya daga 1921 zuwa 1927, waɗanda suke kyauta a intanet. Ka riƙa rufe takunsa kana cankar na gaba daga taku na goma sha biyu, wasa ɗaya a dare, kana rubuta dalilinka kafin ka buɗe ka ga nasa.