Na canja ruwa sau uku, fosfat ya ƙi sauka: ina mafita?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Jidda, ina da tankin gilashi na ruwan gishiri mai lita 400, da kifi tara da murjani masu rai. Fosfat, sinadarin da ke zama taki ga gansakuka, ya kai 0.5 ppm (miligiram a kowace lita), koriyar gansakuka mai kama da gashi ta rufe duwatsun, murjanin kuma sun koma ruwan ƙasa-ƙasa, sun daina girma. Na canja kashi 30 cikin ɗari na ruwan har sau uku, amma bayan kwana biyu sai ya koma inda yake. Mai shago ya ba ni shawarar wani maganin ruwa da ke sauke shi a dare ɗaya. In saya?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka saya tukuna, kuma ko ka saya kada ka sauke shi a dare ɗaya. Murjanin da ya yi watanni a cikin 0.5 ya saba da shi, kuma faɗuwar gaggawa ta fi yi masa illa a kan yawan da kake gudu. Akwai murjani masu ƙashi irin su Akuropora da namansu kan fara saluɓewa daga gindi bayan irin wannan faɗuwa.

Abin da ke ba ka mamaki yana da dalili. Canjin kashi 30 yana sauke 0.5 zuwa 0.35, lissafi ne kawai. Sai dai fosfat ɗin da ke yawo a ruwa ɗan kaɗan ne daga abin da ke cikin tankin. Duwatsunka da yashin ƙasa na kalsiyam kabonet ne, fosfat kuma yana manne wa wannan sinadari sosai. Duk watannin da ruwan ya yi da yawan fosfat, dutsen yana sha yana ajiyewa, kuma da zarar na ruwan ya ragu sai ya sako nasa har su daidaita. Kamar tukunyar ƙasa ce da ta daɗe ana dafa daddawa a cikinta: ka wanke, ka zuba sabon ruwa, gobe ka ji warin ya dawo. Don haka aikin da ke gabanka shi ne zuƙe abin da dutsen ya tara, kuma wannan aikin watanni ne. Wannan mannewar ce ma ta tsayar da girman murjaninka, domin fosfat yana hawa kan ƙashin da suke ginawa ya hana sabon ƙashi zama a kai. Launin ƙasa-ƙasan kuwa ƙananan halittun da ke zaune a cikin namansu ne suka samu taki suka yi yawa.

Kafin ka kashe riyal ko ɗaya a kan magani, toshe inda yake shigowa. A Jidda wurin da na fi zargi shi ne ruwan ciko. Da zafin garin nan da fankar da ake sa wa tanki don sanyaya shi, ruwa yana ƙafewa da yawa kullum, kuma ruwa zalla ne ke tashi, duk abin da ke narke a ciki yana nan. Idan da ruwan famfo kake cikawa, ko na wayit, wato motar tankar ruwa, da ya kwana a tankin ƙasa ko na saman bene, kowace rana kana ƙara abin da ba ya fita. Kasancewar ruwan garin daga teku ake tace shi bai sa ya dace da murjani ba, saboda ana mayar masa da ma'adinai kafin a raba, sannan ya bi bututu da tankunan ajiya. Ka samu matatar RO/DI, mai cire duk abin da ke narke a ruwa, ka tabbata ma'aunin TDS, mai auna abin da ya narke a ruwa, yana nuna sifili a bakin fitarta, kuma ka auna fosfat a cikin sabon ruwan gishirin da ka haɗa kafin ka zuba. Ɗebo ruwa daga bakin tekun Jidda, wato Kornish, ba mafita ba ne: ruwan gaɓar birni yana ɗauke da abin da gari ke zubarwa, ga shi gishirin Bahar Maliya ya kai wajen giram 40 a lita, alhali tanki 35 yake so.

Hanya ta biyu abinci ne, kuma a yawancin tankuna ita ce babba. Duk abin da kifi ya ci yana da fosfaras, sinadarin da ke zama fosfat a ruwa, mafi yawansa kuma yana fita a kashi. Ba na ce ka bar su da yunwa ba. Ka ba su abin da za su cinye cikin minti ɗaya ko biyu, ka zuƙe dattin da ya kwanta a kusurwoyi da ƙaramin tankin tacewa da ke ƙarƙashin babban tankin, ka wanke safar tacewa duk kwana biyu ko uku. Injin kumfa, wato sikima, yana fitar da datti kafin ya ruɓe, amma wanda ya riga ya narke ya zama fosfat ba ya iya kama shi.

Wajen cirewa, abin da na fi amincewa da shi ga mai tanki irin naka shi ne GFO, ƙwayoyin tsatsar ƙarfe da fosfat ke manne wa. Ka fara da rubu'in abin da aka rubuta a jikin gwangwani, ka ɗauraye shi da ruwan RO har jan ya tafi, ka sa shi a bututun da ruwa ke ratsawa a hankali yadda samansa kawai ke ɗan motsi. Ruwa mai ƙarfi yana niƙe shi ya zama ƙura ta bazu a tanki. A 0.5 zai ƙoshi da wuri, wataƙila cikin 'yan kwanaki, don haka ka riƙa auna ruwan da ke fita daga bututun. Idan ya yi daidai da na tanki, lokacin canji ya yi. Ka sa ido a kan alkaliniti, wato yawan kabonet da ke ruwa, yakan ɗan ja shi ƙasa.

Maganin da mai shago ya nuna maka, kusan tabbas lantanom kuloraid ne. Yana aiki, manyan gidajen kifi ma suna amfani da shi. Yana haɗuwa da fosfat ya zama farin gari, kuma dole a kama garin nan da safa mai matsattsen ido, maikuron 5 zuwa 10, ana ɗiga maganin a cikinta a tsarme. Idan garin ya shiga tanki yana iya cutar da kifi ta wajen numfashi, musamman jinsin tang. Ban ba wanda bai taɓa gwada shi ba shawarar ya fara da shi a tankin da ke cike da dabbobi.

Don gaba, ka shuka ciyawar teku da ake kira Keto a ƙaramin tankin tacewa, ka kunna mata fitila da dare, ka riƙa yanke rabinta kana zubarwa. Abin da ka zubar fosfat ne ya fita. Gansakukar duwatsun ma ka tuge ta da hannu ka fitar. Wasu suna ɗiga khal don ƙwayoyin bakteriya su yawaita su cinye, sikima ta kwashe su, sai dai wannan ya fi cin naitiret, wato naitirojin da ke narke a ruwa. Masanin teku Alfred Redfield ya nuna cewa ƙananan halittun teku suna ɗauke da naitirojin 16 a kan fosfaras 1, ka ga kuwa naitiret zai ƙare tun fosfat bai yi nisa ba.

Ka kula da awo. Kayan gwajin kala ba sa bambance ƙananan lambobi, na'urar awo ta kamfanin Hanna ta fi. Idan taka mai nuna fosfaras ce da ppb (ppb dubu ne ppm ɗaya), ka ninka da 3.066 ka raba da 1000. 50 ppb ya zama kusan 0.15 ppm na fosfat.

Inda za ka nufa shi ne tsakanin 0.03 da 0.1, kuma a ganina ka ba kanka wata biyu zuwa uku. Kada ka nemi sifili. Binciken da Jörg Wiedenmann da abokan aikinsa na Jami'ar Southampton a Ingila suka fitar a 2013 ya nuna cewa murjanin da ke da wadatar naitirojin amma ya rasa fosfat ya fi saurin yin fari idan zafi ko haske ya yi yawa, kuma a garin da na'urar sanyaya ɗaki kan iya tsayawa a tsakiyar Agusta wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Tankin da fosfat ya ƙare a cikinsa kuma shi ne dainofilajelet ke mamayewa, wata yauƙi mai ruwan ƙasa da kumfa a jiki, mai kashe dodon koɗi, wadda ta fi gansakukarka wuyar kora nesa ba kusa ba. Ka auna sau biyu a mako a lokaci guda na yini, ka rubuta. Ranar da ka ga ya sauka ƙasa da 0.03, ko murjani sun fara kodewa, ka rufe bututun GFO ka ƙara abinci kaɗan, sannan ka turo mini lambar naitiret ɗinka mu duba tare.