Injin tur: sabo ko na hannu?

Wani mai sayar da kayan gyaran mota a Garwa ta ƙasar Kamaru ya aiko da tambaya. Ya tara sefa miliyan 4, yana so ya kafa injin gurzar ƙarfe, wato tur, a bayan shagonsa. An turo masa hoton wani tsohon Cazeneuve ƙirar Faransa da ke Duwala, ga kuma sabon ƙaramin inji ɗan Sin. Wanne zai ɗauka?

Alhaji, fara da duba masu kawo maka aiki. Direban babbar motar auduga ne da gangar birki, mai injin niƙa da sandar da ta cinye, manomin rani na bakin Binuwai da famfonsa. Duk aikin nauyi ne. Ƙaramin injin da mutum biyu ke ɗagawa, da ka ɗora masa irin wannan ƙarfe sai ya kama rawa, aikin ya fito da kaushi. Ba Sin nake kushewa ba, suna da manya irin CA6140 mai motar kilowat 7.5, amma kafin sabonsa ya biya kwastan da harajin TVA, wato VAT, na kashi 19.25 cikin ɗari, da wuya kuɗinka su kai.

Don haka na fi karkata ga tsohon, bisa sharaɗi ɗaya: kada ka saye shi a hoto. Ka tafi Duwala da ƙwararren mai gurza, a kunna injin a gabanku. Sabon fenti kada ya ruɗe ka, gadon injin za ku duba, wajen da keken wuƙa yake zirga-zirga. Kusa da kan injin, inda ake damƙe ƙarfen, ya fi cinyewa, don nan ake yawan aiki. A ɗan ɗaure keken a wurin, sannan a tura shi zuwa wutsiyar injin; in ya cije a hanya, gado ya zaizaye, kuma gyaransa na iya cin kuɗin wani injin. A gurza sanda mai tsawon santimita 30, a auna bakin nan da bakin can a ga ko kaurinsu ɗaya. A bi da shi kowace giya, ka kasa kunne, ka taɓa kan injin ka ji ko ya yi zafi. A yanka zaren kusa kuma, domin wasu injinan Ingila da inci suke aiki, mu kuwa yawancin kusoshinmu na milimita ne. Mai injin da ya hana gwaji, ka yi masa sallama.

Kada kuɗin su ƙare a kan inji. Irin wannan wuta mai layi uku yake ci, bolt 380, sai ka tambayi kuɗin jawo ta tun kafin ciniki. Ka kuma san wutar arewacin Kamaru ta dogara sosai da madatsar Lagdo, in ruwa ya ja baya da rani sai a shiga rabon wuta. Ga kuɗin ɗauko shi zuwa Ngaundere da Garwa, ga daɓen siminti, wuƙaƙe da kayan awo. Ni dai zan ce ka ware kashi ɗaya cikin uku domin waɗannan.

Mai gurzar da zai raka ka, da shi za ka yi aiki, to ku rubuta yadda za ku raba riba kafin ku kama hanya.