Kibiyar da ta sauka a hanta: amsa ga maharbin da barewa ta ɓace masa

Ɗan'uwa, ka ce ka harbi barewa da bakan gargajiya marar abin saiti, daga nisan mita 25, dab da faɗuwar rana. Kibiyar ta sauka bayan inda ka nufa, ta ratsa ta fita, ka tsince ta da jini mai duhu. Ka bi sawu nan take, ka tayar da dabbar daga inda ta kwanta, daga nan jinin ya yanke, kuma har washegari ba ka gan ta ba. Yanzu kana tambaya ko baka mafi ƙarfi za ka nema, ko kuwa ka rataye kwari ka haƙura da farautar baki ɗaya. A ganina babu ɗaya daga cikin biyun da ya dace da abin da ya faru. Harbin ya kauce, amma bisa ga bayaninka, tayar da barewar da ka yi shi ne ya raba ka da ita.

Kibiyar da ka tsinta ta riga ta gaya maka abin da ya kamata ka yi. Idan ta ratsa huhu, jinin da ke jikinta yakan zama ja mai haske, da ƙananan kumfa a gashin gindinta. Idan tumbi ta fasa, za ka ga wani ruwa kore-kore da ɓurɓushin ciyawa, kuma hancinka zai sanar da kai kafin idonka. Jini mai duhu, marar kumfa kuma marar wari, irin wanda ka kwatanta, galibi na hanta ne. Hanta tana manne ne da tantanin da ya raba ƙirji da ciki, saboda haka tazarar da ke tsakanin harbin da ake yabo da wanda ya hana ka barci ba ta wuce faɗin tafin hannu ba. Harbin hanta yana kisa, sai dai yana ɗaukar lokaci. Barewar da aka huda huhunta biyu takan faɗi cikin daƙiƙoƙi, sau da yawa kafin ta yi mita 100, amma wadda aka samu a hanta takan ɗan ruga, ta rage gudu, ta ci gaba da tafiya da baya a tanƙware, kai a ƙasa, sannan ta nemi duhuwa mafi kusa ta kwanta. In aka ƙyale ta, yawanci a wannan makwanci na farko ake samunta.

Shi ya sa waɗanda suka daɗe a harkar suke nanata jira: rabin awa zuwa awa ɗaya ga huhu, aƙalla awa 4 ga hanta, awa 8 zuwa 12 ga tumbi da hanji. Ni nakan ƙara a kan na hanta muddin akwai sanyi, kuma babu hadarin da zai wanke sawu. Zafi mai lalata nama da namun dawa masu farautar dare ne kaɗai suke sa in sake lissafi. Jiran yana da wuya, domin jiki yana ɓari, zuciya tana raya maka cewa kowane minti nisa take ƙarawa, amma a nan ne sauri yake haifar nawa. Barewar da aka tayar tana da sauran ƙarfin da za ta yi tafiya mai tsawo, jinin kuma a cikin cikinta yake taruwa, hudar kibiya ta toshe da kitse, sai ka daina ganin komai a ƙasa.

Na taɓa raka wani abokin farauta bin irin wannan sawu da asuba, bayan ya sulale daga wurin tun da yamma ba tare da ya tattake ko'ina ba. Ɗigon jinin bai fi kan ashana ba. A durƙushe muke tafiya a gefen sawun, muna duba ƙasan ganye da jikin ciyawa daidai tsayin gwiwa, inda haƙarƙarin dabbar ya goga, muna ɗaura ɗan ƙyalle a wurin kowane ɗigo. Inda muka yi shakka ko jini ne ko tabon ganye, sai mu fesa ruwan haidirojin da ake wanke ciwo da shi, domin yana kumfa in ya taɓa jini. Da sawun ya yanke muka waiwaya, jerin ƙyallayen ya nuna mana layin da ta miƙa, wanda ya gangara wajen wani rafi, kuma a sarƙaƙiyar bakin rafin muka same ta, ta riga ta sandare.

Dalilin da ya sa kibiyarka ta koma baya lissafi ne mai sauƙi. Kibiyar bakan gargajiya takan yi kimanin mita 50 a daƙiƙa, sauti kuwa yana yin kimanin mita 340. A nisan mita 25 ƙarar tsarkiya tana isa kunnen barewa cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, ita kuwa kibiya sai ta ɗauki rabin daƙiƙa. Barewar da ta tsargu takan duƙa don ta zabura, kibiya ta same ta a sama ko ta tsallake. Wadda take tafiyar kiwo kuma taku ɗaya ya isa ya janye huhu gaba, ya kawo hanta inda ka duba. Ina kyautata zaton na biyun ne ya same ka. Ka tuna kuma ko wani ɗan gurbi ɗaya ka ƙura wa ido a bayan kafaɗa, ko kuwa dabbar gaba ɗaya ka kalla, domin mai harbi ba saiti inda idonsa ya tsaya nan hannunsa yake kaiwa, kuma tsakiyar barewa ciki ne. Da magariba wannan ya fi wuya, saboda gashin jikin yakan koma launi ɗaya.

Batun baka mafi ƙarfi kuwa, kibiyarka ta shiga ta fita, wato ƙarfi bai gaza ba. Jihohin Amurka da dama, inda wannan farauta ta fi yaɗuwa, fam 40 ko ƙasa da haka suke sharɗantawa, kusan kilo 18 ke nan na nauyin ja. Gwaje-gwajen Dakta Ed Ashby, mai binciken yadda kibiya take ratsa jikin dabba, sun nuna amfanin kibiya mai nauyi, kimanin giram 42, da baki mai kaifi biyu wajen fasa ƙashi, amma wannan maganin harbin kafaɗa ne, ba zai matsar da hanta daga inda take ba. Bakan da ya fi ƙarfinka ma yakan sa ka saki tsarkiya kafin hannunka ya iso gefen bakinka, wato kafin ka gama ja, kuskuren ya ƙaru. Ishi, mutum na ƙarshe na ƙabilar Yahi a Kalifoniya, wanda ya rasu a 1916 bayan ya koya wa likitansa Saxton Pope farauta da baka, bai shahara da harbin allo ba; gwanintarsa ita ce kusantar dabba.

Saboda haka ka rage nisa zuwa mita 15, ka jira sai ta tsaya cik, gefenta gare ka ko ta ɗan ba ka baya, sannan ka nufi ƙafar gaba ta ɗaya ɓangaren don kibiya ta bi ta huhu biyu. A atisaye kuma ka daina auna kanka da kibiya ta ashirin bayan hannu ya yi ɗumi. Ka fita da tufafin da kake farauta da su, a irin hasken da kake harbi a ciki, ka saki kibiya ɗaya tak a nisan da ba ka auna ba, ka rubuta inda ta sauka. Nisan da wannan kibiya ta farko ba ta fita daga faɗin tafin hannu biyu shi ne iyakarka. Kafin lokacin farauta na gaba ka bincika ko dokar inda kake ta yarda a bi sawun jini da kare a igiya, in ta yarda ka nemi mai irin wannan kare tun yanzu.