Sai da lambar NAFDAC zan kai yajina da zoɓona manyan kantuna?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce a Kano, ina yin yaji da zoɓo da kunun aya a gida, ina ɗurawa a robobi ina sayarwa a unguwa da kuma ta WhatsApp. Na kai wani babban kanti, suka ce ba za su karɓa ba sai da lambar NAFDAC. Wata ƙawata ta ce in ari lambar da ke jikin kayanta in buga a nawa, wai ai duk abinci ne. Shin lambar dole ce? Kuma aron yana da wata illa?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa wa sana'a albarka. Bari in fara da maganar aron lamba, domin ita ce mai iya jefa ki cikin rigima. Kada ki kuskura. Lambar NAFDAC, wato hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ba ta mutum ba ce, ta kaya ce. Ana bayar da ita ne ga kaya guda, mai suna guda, da ake haɗawa a wuri guda da jami'ai suka je suka gani da idonsu. Ko ƙawar taki, in ta yi rajistar yaji, ba ta da ikon ɗaukar lambar ta manna a jikin zoɓonta, balle kuma a naki. A idon hukuma, kayan da ke ɗauke da lambar da ba tasu ba jabu ne: za a kwashe su, a rufe wurin, kuma ku biyun duka kuna iya amsa tambaya.

Mai kantin kuma da gaskiyarsa. Tun 1993, shekarar da aka kafa NAFDAC, akwai dokar da ta hana sarrafa abinci a ƙulle shi a roba ko leda ko kwali a sayar ba tare da rajista ba. In aka zo bincike aka tarar da kayanki a kantarsa, shi za a fara riƙewa. Mai tuwo-tuwo a bakin titi da mai shayi da mai ƙosai hukuncinsu daban ne, su suna hannun duba-gari na ƙaramar hukuma da jiha. Amma da zarar kin rufe roba, kin manna suna, kin ce ta zauna a kanti har mai saye ya zo, kin shiga hurumin NAFDAC.

Matakan ba su kai yadda ake zuzuta su ba. Ki yi wa sana'arki rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ki kuma yi rajistar sunan kayan don kada wani ya riga ki. Daga nan sai ki cike takardun nema a shafin NAFDAC na intanet da ake kira NAPAMS, ki biya kuɗi ta hanyar da shafin ya nuna, ba a hannun wani ɗan tsakani ba. Jami'ai za su zo duba wurin aiki, su ɗauki samfurin kayan zuwa ɗakin gwaji. In komai ya yi, a ba ki lamba mai aiki na shekara 5, sannan ki sabunta. Hukumar ta sassauta wa masu ƙaramin jari sharuɗɗa da kuɗi, don haka ki faɗa musu matsayinki tun farko. Kuɗin kuwa yana canzawa, a ofishinsu na Kano za ki ji na yanzu.

Inda mata da yawa ke faɗuwa shi ne ranar duba wuri. Jami'i ba ɗanɗanon zoɓo ya zo yi ba. Yana duba ko wurin aikin a ware yake da madafar da ake girkin gida, ko ƙasan da bangon suna wankuwa, ko tagogi na da raga, daga ina ruwa yake zuwa, ina ake wanke hannu, ina masai yake, ko kaji da akuyoyi na ratsawa. Zai nemi takardar asibiti da ke nuna lafiyar masu taɓa abincin, da shaidar an yi feshin ƙwari. Sai kuma robobin kansu. Kowa ya san inda yawancin robobin zoɓo ke fitowa: yara su bi gidajen biki da tashoshin mota su tsinto a buhu, a zuba a baho da omo a ɗauraye. Wanda ya sayar miki bai san abin da aka taɓa zubawa a ciki ba, ko fetur ne ko fiya-fiya, ke ma ba ki sani ba. Sabuwar roba mai hatimi a murfi ce kawai za ta wuce.

Takardar jikin roba ma tana da ƙa'idarta. Dole a ga sunan abincin, da jerin abubuwan da aka haɗa shi da su, ana farawa da wanda ya fi yawa. A ga nauyi ko yawan abin da ke ciki, da sunanki ko na kamfaninki da adireshin da za a same ki, da lambar rukunin da aka haɗa tare, da ranar da aka yi shi da ranar ƙarewar wa'adinsa, da yadda za a adana shi. Da Turanci doka ta ce a rubuta, amma ba a hana ki ƙara Hausa a gefe ba, kuma ni ina ganin ƙarawar riba ce. In kina sa ƙuli-ƙuli a yajinki, ki rubuta ɓaro-ɓaro cewa akwai gyaɗa, domin akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓarta ko kaɗan. Abu ɗaya da nake yawan gani a robobin yaji da na zoɓo shi ne "yana maganin basir", "yana sauke hawan jini", "yana ƙara ni'ima". Ki goge wannan. Abinci ba ya da'awar warkar da cuta, in ya yi ya koma layin magani, can kuma sharuɗɗan sun fi tsauri nesa ba kusa ba.

Ki kuma kula da inda kike sayen kayan haɗi. Mutanen Kano ba su manta da watan Maris na 2021 ba, lokacin da aka kwantar da ɗaruruwan mutane a asibiti, wasu suka rasu, bayan sun sha lemon da aka haɗa da garin ɗanɗano da ɗan tsami. Binciken NAFDAC ya gano cewa wani sinadari mai guba aka sayar wa mutane a matsayin ɗan tsami. Masu haɗa lemon ba su yi niyyar cutar da kowa ba, farin gari kawai suka sayo a zaton ɗan tsami ne. Duk ɗan tsami ko kala ko ƙamshin da za ki zuba, ki saye shi a mazubinsa na asali mai lamba da kwanan wata, ki kuma ajiye rasit.

Da ni ne ke, Hajiya, ba zan nemi lamba uku a lokaci ɗaya ba. Zan fara da yaji. Busasshen abu ne, yana jure zama, kuma babban abokin gabarsa danshi ne: barkono ko gyaɗar da ta yi funfuna tana ɗauke da gubar afulatokzin mai lalata hanta, kuma ɗakin gwaji na iya kamo ta. Ki sayi busassun kaya masu kyau, ki tsince, kada ki shanya a ƙasa. Zoɓo ya biyo baya in kin samu tsayayyen firiji. Kunun aya kuwa ki bar shi a cinikin yau da yau, wanda za a yi da safe a shanye kafin dare. A zafin Kano da wutar da ba ta zama, yini ɗaya ya ishe shi ya yi tsami ya kumbura roba, kuma duk ranar ƙarewar wa'adin da kika buga a jikinsa sai kin iya kare ta a gaban jami'an gwaji.